Ɓerayen Mangazar Kawu: Sun San Tarko Ne, Ko Baƙon Abu Suke Gudu?

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a kasuwar Dole, nan Damagaram. Yana da mangaza a wani lungu na Zango, ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, inda yake jibge buhunan gero da wake da gujiya idan kaka ta yi, ya riƙe su sai bazara. Bara, ɗari na shigowa, ɓeraye suka sa shi gaba. Baƙin ɓera ne, mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawa, wanda ke bin saman katanga kamar an shimfiɗa masa titi. Kowace safiya yaron da ke jiran mangazar sai ya share kusan tiya guda ta hatsin da ya tsiyaye daga buhunan da aka huda, ga kashi ga zarni.

Kawu bai zauna ba. Ya fara da tarkon ƙarfe, ya sa busasshen kifi. Daren farko ya kama ƙanana biyu, daga nan shiru. Ya sayo allon gam, suka kewaye shi. Ya sa maƙeri ya ƙera masa kejin waya mai ƙofar da ke rufe kanta, ko leƙe ba su yi ba. Daga ƙarshe ya kwaɓa maganin ɓera da ƙuli-ƙuli. Aka tsinci gawa ɗaya a bayan buhu, sauran kuwa suka ƙaurace wa ƙuli-ƙuli baki ɗaya, har wanda ba a sa wa kome ba. Kowane tarko kwana biyu ko uku yake yi, in bai kama ba Kawu ya ɗauke shi ya kawo wani. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci na biya in gaishe shi. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata kwaleji, kuma duk sa'ad da Kawu zai tsokane ni, Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko.

"Mushe, zauna ka ji. Ɓerayena sun yi lakwal. Sun san tarko. Ko wane iri ka kawo, na ƙarfe, na gam, na waya, da sun gani sun san sunansa."

Na yi dariya, na ce, "Kawu, babbar magana ka yi fa." Ya ce ai shi gani ya yi, ba a takarda ya karanta ba.

Girman maganar

Abin da ya sa na ce babbar magana ce shi ne, sani hawa-hawa ne. Akwai haddace abu guda: ɓera ya tuna cewa wannan ƙarfen da ke wannan kusurwa ya taɓa cizon wutsiyarsa. Akwai gudun abin da ya yi kama da shi, irin na wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Waɗannan biyun kusan kowace dabba tana da su. Na uku shi ne riƙe ma'ana maras jiki, wadda ba launi ba ce, ba ƙamshi ba, ba siffa ba, dangantaka ce kawai tsakanin abubuwa. "Iri ɗaya" da "daban" su ne misalan da masu bincike suka fi amfani da su. Goro biyu iri ɗaya ne, raƙuma biyu ma iri ɗaya ne, alhali goro bai haɗa kome da raƙumi ba. Allon gam da kejin waya ma ba su yi kama ba ko kaɗan. Abin da ya haɗa su aiki ne: abinci ne a bakin halaka. In har ɓera na ganin wannan a cikinsu duka, to ya hau hawa na uku ke nan, kuma abin da Kawu ke da'awa ke nan ko da bai faɗe shi haka ba.

Mu malamai mun san hanyar rarrabewa, don kullum ita muke bi. Yaro ya haddace amsoshin lissafin da ke cikin kayensa, wato littafin rubutunsa, ka ɗauka ya iya. Ranar jarrabawa a canja lambobi, ya tsaya yana cizon biro. Wanda ya gane ƙa'idar kuwa bai damu da wace lamba aka kawo ba. Haka ake yi wa dabba: a horar da ita da wasu abubuwa, sannan a kawo mata waɗanda ba ta taɓa gani ba, a duba abin da za ta yi a karon farko, kafin ta sami damar koyon sabon.

Da farko sai mutum ya ga kamar Kawu ya riga ya yi wannan gwajin. Ya kawo sabon tarko, sun guje shi tun daren farko. Me ya rage?

Inda gizo ke saƙa

Abin da ya rage shi ne, ɓeran da ke zaune kusa da mutane yana gudun duk wani baƙon abu da ya bayyana a wurin da ya sani, tarko ne ko ba tarko ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Ingila ta shiga damuwar ɓarnar abinci a rumbunanta, masanan dabbobi na Jami'ar Oxford ƙarƙashin Charles Elton, cikinsu har da Dennis Chitty, suka duƙufa kan ɓeraye. Suka lura cewa ko kwanon da ɓera ya saba ci a ciki ka canja, ko ka ajiye wani itace kusa da shi, cin zai ragu na wasu kwanaki. Daga baya S. A. Barnett ya nuna cewa ɓerayen daji sun fi na ɗakin gwaji wannan ɗari-ɗarin nesa ba kusa ba. Ƙananan ɓerayen ɗaki kuwa karambani ya fi yawa gare su, shi ya sa su ne kan faɗa tarko daren farko, kamar yadda aka yi a mangazar Kawu.

Ga matsalar ke nan. Ɓeran da ya san tarko zai guji sabon tarko. Ɓeran da bai san kome ba sai tsoron baƙon abu, shi ma zai guji sabon tarko. Sawunsu a ƙasa ɗaya ne. Kawu kuma, da yake canja tarko duk bayan kwana biyu, ya tabbatar da cewa ɓerayensa ba su taɓa ganin tarkon da ya tsufa a wurin ba. Kullum baƙo suke gani.

Batun ƙuli-ƙuli ma yana da bayaninsa. Ɓera ba ya iya amai, don haka Allah ya ba shi wata kariya: in ya tarar da baƙon abinci sai ya ɗanɗana kaɗan ya janye. In cikinsa ya ɓaci, ko da bayan sa'o'i ne, ya haɗa ciwon da wannan ɗanɗano, kuma sau ɗaya ya ishe shi. John Garcia, wani masani a Amurka, shi ya yi suna da binciken wannan a shekarun 1950 da 1960. Dalilin ke nan da ya sa magungunan ɓera masu aiki a hankali, irin warfarin da aka fara amfani da shi wajen 1950, suka fi masu kisa nan take ci: kafin ciwon ya zo kwanaki sun wuce, ɓera ba ya gane daga ina. Wanda Kawu ya saya mai saurin aiki ne. Waɗanda suka ɗanɗana suka sha da kyar, ƙuli-ƙuli suka koya, ba "guba" ba.

Yaron mangaza shi kuma nasa ra'ayin, gaya wa juna suke yi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, sai dai ta juye. Bennett Galef na Jami'ar McMaster a Kanada ya nuna cewa ɓera kan shinshini bakin ɗan'uwansa da ya dawo daga kiwo, ya ji abin da ya ci, daga baya ya fi son wannan abincin. Abin mamaki, ko da ɗan'uwan ya dawo da ciwo, mai shinshinar ba ya ɗaukar hakan a matsayin gargaɗi. Labarin "ga abinci" yana yaɗuwa a tsakaninsu, na "kada ka ci" kuwa ba ta wannan hanyar yake bi ba.

Gwajin da muka yi

Na ce wa Kawu hanya ɗaya ce za ta raba mu. A kawo baƙon abu wanda ba tarko ba, a kuma bar tarko ya tsufa a wuri ɗaya. In sun san tarko, za su yi banza da na farko, su ci gaba da gudun na biyu kome daɗewarsa. In baƙunta suke gudu, za su yi wa duka biyun abu ɗaya. Ya ce, "Hatsina za ka ciyar da su ke nan da sunan ilimi?" Na ce tiya biyu kacal, kuma ni zan biya. Ya ce in biya tukuna.

Muka zaɓi gindin katangar gabas, inda maiƙon jikinsu ya bar baƙin layi a bango, alamar nan ce hanyarsu. Muka ajiye ƴar tasa da gero, muka barbaɗa toka a kewaye don mu ga sawu. Yaron ne ke dubawa da asuba, ya auna abin da ya rage da murfin kwalba, ya rubuta a kaye, ya sake shafe tokar. Dare uku ba su taɓa tasar ba, ita ma ai baƙuwa ce. Daga na huɗu suka fara, kafin sati ya cika kullum sai an iske ta wayam.

Sai muka ajiye tsohon takalmin roba kusa da tasar, wanda ba ya cutar da kowa. Washegari gero na nan kusan yadda aka zuba shi. Sawun ya zo ya tsaya nesa kaɗan, ya yi kwana, ya bi ta bayan buhu. Dare na biyu haka. A na uku aka ɗan taɓa, a na huɗu aka cinye, har da sawu a kan takalmin. Muka ɗauke shi, muka bari ci ya daidaita, muka sa tsohuwar buta. Labari bai canja ba.

Sannan muka ɗauko kejin maƙerin nan da Kawu ya jefar a kan rufi. Muka ɗaure ƙofarsa a buɗe da waya yadda ba za ta faɗa ba, muka ajiye shi a wurin, muka zuba gero daga bakinsa har ciki, na kuma roƙi Kawu kada kowa ya gusar da shi ko da taƙi ɗaya. Wannan roƙon shi ya fi kome wuya, don kullum da safe sai ya tsaya a kansa yana tsaki. Dare huɗu babu abin da ya faru. A na biyar aka cinye na bakin ƙofa. Wajen na goma ana shiga har ƙurya ana fitowa, ga ɓawon gero a ciki, alamar zama ma aka yi aka ci. Muka ƙara kwana biyu, sannan muka kwance wayar. Da asuba yaron ya kira ni: ƙaton baƙin ɓera na ciki. A cikin sati biyu kejin da aka ce an san sunansa ya kama shida.

Kawu ya daɗe yana kallon na farkon, sannan ya ce, "Sabo turken wawa." Amma bai sallama ba, kuma hujjar da ya kawo mai kyau ce. Ya ce takalmi kwana uku suka yi suna gudunsa, keji kuwa kusan goma, to ashe sun bambanta su. Na ce wucewa ta gefen abu daban, shiga cikinsa daban, kuma kejin ya taɓa zama a wurin da wani ɓera ya firgita, ɓera mai firgici kuwa yana barin warin da ƴan'uwansa ke ji. Amma na yarda cewa gwajinmu bai kashe wannan bakin ba. Mangaza ɗaya ce, ba mu yi wa ɓerayen alama ba, ba mu san ko wanda ya guji takalmin shi ne ya shiga kejin ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, duk abin da Kawu ya gani kafin zuwana, tsoron baƙon abu ya isa ya bayyana shi, ba sai an kai ga sanin tarko ba.

To wawa ne ke nan?

Tambayar da Kawu ya yi mini ke nan, da alamar ya ɗan ji haushin an rage wa abokin gabarsa daraja. Amsar ita ce a'a, sai dai shaidar basirar ɓera ba a bakin tarko take ba.

An daɗe ana ɗaukar ɓera a matsayin daƙiƙi a irin wannan gwajin, don da hotuna da fitilu ake gwada shi, alhali ganinsa ba shi da ƙarfi. Hanci ne idonsa. Mark Galizio da abokan aikinsa a wata jami'a ta jihar North Carolina a Amurka suka juya gwajin zuwa ƙamshi. Ƙananan kofuna ne cike da rairayi, kowanne an gauraya shi da wani kayan yaji na kicin. A ba ɓera kofi ɗaya ya shinshina, sannan a ba shi biyu: ɗaya mai ƙamshin na farko, ɗaya daban. Lada tana binne a cikin wanda ya yi daidai da na farko. Bayan horo da ƙamshi iri-iri, sai aka kawo waɗanda bai taɓa ji ba, ya tona daidai tun a karon farko. A 2006 suka buga wannan. Babu ƙamshin da za a ce ya haddace, "irin na ɗazu" ya bi. Da na gaya wa Kawu, sai ya ce da sun zo layin masu kayan yaji a Dole da sun sami kanumfari da citta da kimba a araha.

A 2008 Robin Murphy da abokan aikinsa a Landan suka buga wani a mujallar Science. Sun koya wa ɓeraye cewa abinci na zuwa ne bayan jerin sauti uku da na farko da na ƙarshe suke iri ɗaya, na tsakiya daban, kamar mai kalangu ya buga dum-kas-dum. In aka buga dum-dum-kas, babu kome. Sai suka canja sautukan da wasu sababbi, ɓerayen suka fi zuwa jiran abinci idan tsarin ya zama irin na farko. Abin ya ja hankali ne don a 1999 Gary Marcus ya nuna jarirai ƴan wata bakwai suna yin irin wannan da gaɓoɓin magana: a saba musu da ga-ti-ga, su bambanta wo-fe-wo da wo-fe-fe. Wasu sun ɗauka baiwar ɗan Adam ce ta koyon harshe. Ba kowa ya gamsu da na ɓerayen ba, akwai masanan da suka ce wataƙila wata alama mai sauƙi a cikin sautin suka bi. Ni ma na fi natsuwa da na kofunan rairayi.

Kuma abin bai tsaya kan ɓera ba. A 2001 Martin Giurfa da abokan aikinsa suka nuna ƙudan zuma, mai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ƙasa da miliyan ɗaya, yana iya wannan. A nuna masa shuɗi ko rawaya a ƙofar shiga, a ciki hanya ta rabu biyu, ruwan sukari na wajen launin da ya gani a ƙofa. Da aka cire launi aka sa zanen layuka baƙi da fari, a tsaye ko a kwance, ya bi ƙa'idar. A 2016 a Oxford, Antone Martinho da Alex Kacelnik suka nuna wa ƴaƴan agwagwa sababbin ƙyanƙyasa abubuwa biyu masu motsi, ko iri ɗaya ko daban, daga baya mafi yawansu suka bi sababbin abubuwan da ke da irin wannan dangantakar, ba tare da an ba su ladar kome ba. Akwai kuma Alex, akun Irene Pepperberg da ya mutu a 2007, wanda in aka nuna masa abu biyu aka tambaye shi me ya haɗa su, sai ya faɗa da baki: launi, ko siffa, ko abin da aka yi su da shi.

Wanda ya fi shafar lamarinmu kuwa shi ne aikin Anthony Wright da Jeffrey Katz kan tantabaru da birai. In da hotuna takwas kawai aka horar da tantabara a kan "iri ɗaya" da "daban", sai ta haddace su, a kawo sabon hoto ta rikice. Da aka yi ta ninka yawan hotunan har suka kai ɗaruruwa, sai ta daina hadda, ta koma bin ƙa'ida. Wato ma'ana maras jiki daga yawan misalai take tsirowa. Makarantar tarko kuwa ba ta cika yaye ɗalibai ba. Mafi yawansu darasi ɗaya suke samu.

Yaron mangaza ya tambaye ni labarin gafiyoyin nan da ya gani a waya suna neman nakiya. Gaskiya ne: ƙungiyar APOPO tana horar da ƴan'uwan gafiyarmu a Morogoro ta Tanzaniya su gano nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka a majina, har ɗaya mai suna Magawa ya sami lambar zinariya a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya. Aiki ne babba, amma rarrabe ƙamshi ne, hawa na ɗaya da na biyu.

Wanda ya rage

Bayan na shida kejin ya daina kamawa, ɓarna ta ragu sosai, amma ba ta ƙare ba. Akwai sawu guda da yaron ya gane, don ƙafar baya ta hagu yatsu huɗu take bari a toka maimakon biyar. Tun lokacin takalmi yake ganinsa. Wannan ya ci a tasa, ya hau kan buta, amma ko sau ɗaya sawunsa bai wuce bakin kejin ba, har a kwanakin da ƙofar ke ɗaure sauran suna shiga suna fita a gabansa. Yaron ya ce tarkon ƙarfen farko ne ya guntule yatsan, don ya taɓa iske shi a faɗe da ɗan jini babu kowa a ciki.

In haka ne, ga ɗalibi guda da ya shiga ajin ya fito da rai. Mai yiwuwa warin ƙarfe da waya ya haɗa da ciwon, wannan kuwa labarin maciji da tsumma ne. Mai yiwuwa tun asali ya fi sauran tsoro, shi ya sa ya tsufa. Na ba Kawu shawarar mu sa a yi tarkon katako ko na tukunya, wanda babu ƙarfe a jikinsa, mu bar shi ya tsufa a wurin kamar kejin, mu ga ko zai shiga. Nan ne maganarsa za ta iya samun ƙafar tsayawa.

Kawu ya ce ya gaji da ciyar da ɗalibaina. Ya kira magini ya toshe ramukan gindin katanga da siminti da fasassun kwalabe, ya sa aka ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, ya umarci yaron ya share duk ƙwayar da ta zube kafin ya rufe ƙofa, yana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tukunyar tana nan na saya a Dole, na ajiye a mangazar. Satin jiya da na biya, yaron ya nuna mini toka a gefenta, yatsu huɗu, sun zo sun kewaye ta sun wuce. Kwananta biyu ke nan a wurin, na ce kada a taɓa ta.